Yadda na lallaɓa kwamfutata bayan akwatin wutarta ya ƙone

A makon da ya gabata aka dawo da wutar lantarki da ƙarfi cikin dare, washegari na danna maɓallin kwamfutata ta tebur, ko motsi ba ta yi ba, sai ɗan warin ƙuna da ke fitowa daga bayanta. Zargina ya tafi kan akwatin wutar da masu gyara ke kira fawa fak, wanda aikinsa shi ne sauke wutar bango mai ƙarfin bolt 230 zuwa bolt 12 da 5 da 3.3 da kayan ciki suke buƙata.

Kafin in kashe ko kwabo, na zare babban soket ɗinsa daga madabod, wato babban allon da duk kayan ciki ke haɗe a kansa, na lanƙwasa ƙarfen maƙale takarda, na haɗa ramin koriyar waya da na wata baƙa da ke kusa da ita. A tsarin ƙera kwamfutar tebur da ake kira ATX, wanda kamfanin Intel ya fito da shi a 1995, wannan haɗin ne yake tayar da akwatin, kuma idan da rai fankarsa za ta juya. Tawa ba ta juya ba.

Na samo wani na hannu a kasuwa, kuma abin da ya fara cetona shi ne ɗan jan makunnin da ke bayansa, domin na tarar da shi a kan bolt 115, wataƙila daga Amurka aka shigo da shi. Da na jona shi a haka, da ya bi sahun ɗan'uwansa nan take. Na mayar da shi 230. Sai kuma na lura soket ɗinsa mai ƙafa 20 ne, alhali madabod ɗina ramuka 24 gare shi. Ya zauna daidai a gefe guda, ramuka huɗu suka rage a buɗe, kuma da yake ba ni da katin hoto (allon da ke sarrafa hotunan da ake gani a fuskar kwamfuta) mai jan wuta, hakan bai hana komai ba. Akwai wani ƙaramin soket mai wayoyi huɗu, rawaya biyu da baƙaƙe biyu, wanda ido yake raya wa mutum cewa shi ne zai cike giɓin, amma na firosesa ne, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar, kuma tura shi can da ƙarfi yana iya ƙona madabod gaba ɗaya.

Wahalar da ta fi ba ni dariya ita ce girma, domin akwatin ya ƙi shiga gidan kwamfutar, ramukan sukurorin ma ba su dace ba. Na ɗora shi a samanta, na ɗaure da robar tayar keke, na zuro wayoyin ta gefen da na bari a buɗe. Wani abokina ya ba ni shawarar in farke tsohon in canza fis, na ƙi, saboda manyan kafasitocin da ke ciki, wato ma'ajiyar wuta, suna riƙe wuta ko bayan an cire filogi. Yanzu kwana shida ke nan tana aiki a haka, sai dai kullum da yamma ina lulluɓe ta da tsohon zani saboda ƙurar hunturu.