Bin sawun Runduna ta 8 ta mahayan Illinois, daga Brandy Station zuwa Gettysburg

Jirgin ƙasa ba ya zuwa Gettysburg, Brandy Station kuwa ƙauye ne da ko tasi ba ka gani, don haka mai son bin sawun mahayan yaƙin basasar Amurka dole ya ɗauki hayar mota daga Washinton. Kuɗin da suka rubuta a intanet daban, wanda za ka biya daban. Sai ka zo gaban kanta sannan a ɗora haraji, a ɗora inshora, a riƙe wasu kuɗin ajiya a katinka. Matar da ta sallame mu ko ɗaga kai ba ta yi ba. Na yi gaisuwa ta miƙo takarda da biro, na tambayi dalilin ƙarin ta nuna min layi da farce ta kira na bayana. Ɗan yayana da ke karatu a Maryland, wanda shi ne direba, ya ce, "Kawu, rabu da ita, a nan ba a ciniki." Muka kama hanya mai lamba 29, muka nufi kudu maso yamma.

Rundunar da na zaɓa in bi ita ce ta 8 ta mahayan jihar Illinois, ta ɓangaren Arewa, wato sojan gwamnati da suka yaƙi jihohin Kudu masu neman ɓallewa. An rantsar da ita a garin St. Charles, yamma da Chicago, ranar 18 ga Satumba 1861, ƙarƙashin Kanar John Farnsworth, ɗan majalisa mai tsananin ƙin bauta. A takarda irin wannan runduna kamfani 12 ce, kowane kamfani wajen mutum ɗari, amma bayan shekara guda a fage da wuya ka ƙirga rabin haka a kan sirdi. An kawo su gabas, nan suka yi yaƙinsu har aka sallame su a watan Yuli 1865. Lissafin hukuma ya ce mutum 75 suka mutu ta hanyar harbi da sara, 175 kuma cuta ta kashe su, zazzaɓin taifot da gudawa da makamantansu. Wannan lissafin shi ya sa na zo in ga abin da ido, domin hotunan da ake zanawa duk sukuwa ce da takubba a zare.

Brandy Station na gundumar Culpeper a jihar Virginia, tafiyar awa ɗaya da rabi. Fili ne mai tudu da gangare, ciyawa shar, ba kuɗin shiga, ba mai gadi, alluna kawai masu bayani. Nan aka yi karon mahaya mafi girma a tarihin nahiyar Amurka ta Arewa, ranar 9 ga Yuni 1863, mutum wajen 20,000, galibinsu a kan dawaki. Janar Stuart na Kudu ya shirya gagarumin hawa ranar 5 ga wata, da 'yan kallo da kaɗe-kaɗe, ya sake wani ranar 8 don shugabansa Janar Lee ya gani. Duk wanda ya taɓa fitar da doki hawan sallah kwana biyu a jere ya san yadda dabba ke kwana bayan haka. Da asubar washegari, cikin hazo, Janar John Buford na Arewa ya tsallako kogin Rappahannock ta mashigin Beverly ya same su wasu ko sirdi ba su ɗaura ba. Rundunar New York ta 8 ce a gaba, aka harbe kwamandanta Kanar Benjamin Davis a kan hanya, 'yan Illinois da ke biye suka shigo suka tare gurbin. Da yamma Arewa ta koma ƙetaren kogi, Stuart ya riƙe tudun Fleetwood, amma daga ranar mutanen Kudu suka daina yi wa mahayan Arewa kallon 'yan koyo.

Na tsaya a kan tudun Fleetwood na duba. Wuri ne da aka yi domin doki: ƙasa ba duwatsu, gangaren ba tsanani, kana hango mai zuwa tun daga nesa. Shi ya sa takobi ya yi aiki a nan. A yawancin sauran wuraren da na gani, daji ne da shingen katako da katangar dutse, inda mai takobi ba shi da abin yi. A cikin ƙauyen akwai wani tsohon gida da aka yi jinyar sojoji, bangonsa cike da sunaye da zane-zanen da suka yi da gawayi, na Kudu da na Arewa a jikin bango ɗaya. Sai a 1993 aka gano su, ana gyaran gida aka ɓare fenti da takardar bango.

Inda na fi ƙaruwa ba a filin daga ba ne. Kusa da Middleburg, yankin masu dawaki da kuɗi, mun tsaya tambayar hanya wajen wani dattijo mai sana'ar sa wa dawaki takalmin ƙarfe, ashe yana cikin masu sa kayan sojan wancan zamani suna kwaikwayon yaƙin. Da ya ji daga ƙasar dawaki nake, ya ajiye guduma ya ja mu barga, ya sauko da sirdi irin na McClellan wanda sojan Amurka suka ɗauka a 1859. Katako ne aka lulluɓe da ɗanyar fata, da tsaga doguwa a tsakiya don kada ya taɓa ƙashin baya. Ba shi da nauyi, ba ado ko kaɗan. Likkafar ta katako ce da murfin fata a gaba. A ƙarƙashi ba zubka, bargon ulu ne ake ninkewa, kuma ya nuna min yadda ake shimfiɗa shi: a ɗora can gaba wajen kafaɗa, a ja baya bin kwanciyar gashi, sannan a sa hannu a ɗaga tsakiyarsa cikin tsagar sirdin don iska ta shiga. Ninki ɗaya ya karkace, ko ƙwayar yashi ta maƙale, kafin yamma baya ya kumbura, kwana uku ya zama miki. Ɗanyar fatar kuma in ta sha ruwa ta bushe ta sha ta bushe, sai ta tsage, bakin tsagar ya riƙa yankar mahayi a cinya. Babbar matsalar, in ji shi, ita ce rama: sirdin da ya zauna daidai a kan doki mai ƙiba, bayan wata guda na yunwa sai ya sauka ya zauna kan ƙashi.

Ya ɗora kayan ɗaya bayan ɗaya ina kallo. Babbar riga a naɗe a gaba, bargon kwana a baya, jakunkunan fata biyu, jakar ba doki hatsi, igiya da turken ƙarfe, takalman doki na ajiya da ƙusoshi, gorar ruwa, gajeriyar bindiga rataye a kafaɗa, ƙaramar bindiga Colt mai harsashi shida, ga takobi. Da mahayin, nauyin ya haura kilo ɗari. Abincin doki a ƙa'idar soja kuwa laba 14 na busasshiyar ciyawa da laba 12 na hatsi kowace rana, wato kusan kilo 12 gaba ɗaya. Dawaki dubu na bukatar tan 12 kullum, kuma alfadaran da ke jan keken abincin su ma ci suke. In keken ya maƙale a taɓo, doki ya ci bawon itace, ya tauni jelar ɗan'uwansa a turke.

Wani abu da ya ba ni mamaki, dandaƙaƙƙun dawaki gwamnatin Arewa ke saye. Mu da muke alfahari da ingarma mai haniniya da tsalle za mu ga kamar ƙasƙanci ne, amma hujjarsu mai ƙarfi ce: ɗaruruwan dabbobi a igiya ɗaya, ga sintirin dare da ake son shiru, ingarma ɗaya ya isa ya tona asirin kamfani. Dattijon nan bai bar mu mun tafi ba sai da matarsa ta kawo gahawa da wainar tufa, ya kuma ƙi karɓar ko sisi. Da lokacin azahar ya yi, da kansa ya share mana gefen ɗakin sirada ya fita ya ja ƙofa.

A cikin garin Middleburg akwai mutum-mutumin wani doki na tagulla, ramamme, kai a sunkuye, haƙarƙari a waje, kube ba takobi rataye a sirdi. Rubutun jikinsa na tunawa da dawaki da alfadarai miliyan ɗaya da rabi da aka kashe ko aka raunata ko cuta ta ci a yaƙin. Bayan karon Antietam a 1862 ciwon kofato ya kwantar da dawakin Arewa da yawa, har Shugaba Lincoln ya aika wa kwamandan sojansa, Janar McClellan, saƙon gatse yana tambayar wane aiki dawakin suka yi tun Antietam da zai gajiyar da su. Ga kuma wata cutar majina mai yaɗuwa ta wurin shan ruwa, wadda maganinta kawai a harbe dabbar. A 1863 Arewa ta kafa hukuma ta musamman da wata ƙatuwar barga a Giesboro, gefen Washinton, da aka tsara don dawaki 30,000, inda ake jinya da horo da sauyi. A Kudu kuwa soja da dokinsa yake zuwa, ana ba shi santi 40 a rana. In an kashe dokin a daga a biya shi, in yunwa ko cuta ta kashe shi asararsa ce, sai ya tafi gida neman wani. Da farko wannan tsari ya ba Kudu gwanayen mahaya, daga baya shi ya cinye su.

Abinci a wannan yanki sai ka yi hattara, naman alade har a cikin wake da ganye suke sawa. Ƙwai da kifi da dankali muka yi ta ci. Farantin da ba zai ƙosar da yaro ba ya kusa dala ashirin, sannan a kawo na'ura ta tambaye ka ihsanin mai kawo abinci, kashi 18 ko 20 cikin ɗari, tana tsaye a kanka. Kyautar da aka ƙayyade ai ta tashi daga kyauta. Sai dai in faɗi gaskiya, banɗakunan kan hanya tsaf suke kuma ba a biya.

Muka bi hanya mai lamba 15, muka tsallake kogin Potomac, ta Frederick da Emmitsburg zuwa Gettysburg a jihar Pennsylvania. Filin dagar kyauta ne. Gidan tarihi da fim da ƙaton zanen yaƙin da ya zagaye ɗaki su ake biya, wajen dala ashirin. Garin kansa kasuwa ce ta riguna da huluna da yawon neman fatalwa da dare, abin da ban ga kyansa ba a wurin da mutum kusan 51,000 suka mutu ko suka ji rauni ko suka ɓace cikin kwana uku.

Abin da na zo nema yana wajen gari, kamar kilomita biyar yamma a kan hanyar Chambersburg, inda manyan motoci ke wucewa a guje. Wani siririn dutse ne mai tsayin mutum a gefen gidan wani maƙeri na wancan zamani, Ephraim Wisler. Nan masu gadin Kamfanin E na rundunar suke da safiyar 1 ga Yuli 1863 lokacin da suka hango ƙurar sojan ƙasa na Janar Heth na Kudu. Wajen ƙarfe bakwai da rabi Laftanar Marcellus Jones ya ari bindigar Saje Levi Shafer, ya ɗora ta kan shinge, ya harbi wani hafsa a kan kili, bai same shi ba. A 1886 shi da abokansa suka ɗauko dutsen nan tun daga Illinois suka kafa da kuɗinsu, don wata runduna ta New York ma na cewa ita ta fara harbi. Gardamar har yau ba ta mutu ba.

Yadda suka yi faɗan shi ne darasin. Buford ba shi da mahaya 3,000 cikakku, Heth na da sama da 7,000. Ba wanda ya zare takobi. Ana ƙirga mutane huɗu huɗu; uku su sauka, na huɗu ya karɓi linzamai ya ja dawaki huɗun bayan tudu. Ka ga tun kafin a yi harbi kashi ɗaya cikin huɗu na ƙarfinka ya tafi. Masu sauka su bazu da tazara a bayan shinge da itatuwa. Bindigarsu Sharps ta gindi ake ɗura ta: ka ja mariƙi ƙasa, ka zura harsashi mai kwanson ƙyalle ko takarda, ka rufe, ka sa hular tartsatsi, ka harba, duk kana kwance. Mai doguwar bindiga da ake ɗurawa ta baki sau biyu ko uku yake harbi a minti, kuma galibi a tsaye. Mai Sharps ya ninka haka. Aibinta ba ta cin nisa, tana zuƙe harsashi da sauri, in toka ta taru mariƙin ya cije. Masu cewa bindigogi masu harbi bakwai a jere suka riƙe a ranar sun yi kuskure. Da wannan da igwa shida na Laftanar Calef suka tilasta wa Heth ya tsaya ya jera sahu, suna ja da baya tudu bayan tudu, har sojan ƙasa na Janar Reynolds na Arewa suka iso wajen ƙarfe goma. Reynolds bai daɗe da isowa ba harsashi ya same shi.

Dutsen tunawa da rundunar ta Illinois yana kan tudun McPherson, an sassaƙa sirdi da kayansa a samansa. Cikin mutum ƙasa da 500 da Manjo John Beveridge ya jagoranta, wanda daga baya ya zama gwamnan Illinois, ɗaya aka kashe. Washegari aka janye Buford zuwa Westminster a Maryland, yaƙi na tsakiyarsa, saboda dawakin sun kai maƙura, ba takalma ba abinci tun tafiyar da suka faro daga Virginia. Shi kansa Buford zazzaɓi ya kashe shi a Disamban shekarar.

A dawowa mun ratsa Monocacy, kudu da Frederick, inda kamfanoni kaɗan na rundunar ƙarƙashin Laftanar Kanar David Clendenin suka taimaka aka jinkirta Janar Early na Kudu, wanda ya nufi Washinton, ranar 9 ga Yuli 1864, har Washinton ta samu ɗauki. Shiga kyauta, 'yan kallo ba yawa. Sauran aikinsu farautar 'yan sari-ka-noƙen Kudu na John Mosby ne a gundumar Loudoun, sai neman wanda ya harbe Lincoln a Afrilu 1865, da gadin gawarsa. Giesboro yanzu sansanin soja ne, ba a shiga, daga titi muka hango shingensa. Motar kuma sai ka cika mata tanki kafin ka mayar, in ba haka ba su saka maka kuɗin mai ninki biyu.