Idan an ɗauke miki yaro bayan mutuwar aure

Ƙannena mata, musamman ku da aure ya mutu kuna da ƙananan yara a hannu, sau da yawa wanda zai raba ki da ɗanki ba baƙo ba ne. Ubansa ne, ko kakarsa, ko gwaggonsa. A ce yaro zai je yawon Sallah ko hutun makaranta. Sallah ta wuce, hutu ya ƙare, ki kira waya a ce miki "ai ya zo gidan ubansa ke nan."

Abin da ya fi cutar da mu na gaba da ku shi ne jira. Aka ce mu yi haƙuri manya za su zauna, muka yi ta haƙuri har wata ya zama shekara. A tsakanin nan an sa yaro sabuwar makaranta, ko an kai shi tsangaya a wani gari, ya saba, kuma ranar da aka je kotu lauyan ɗaya ɓangaren ya ce shirun da uwa ta yi alama ce ta yarda. Ban hana ki sulhu ba. Ki sa waliyyinki ya je, a gaya wa mai unguwa, a kai maganar Hisba idan akwai ta a garinku. Amma ki sa wa sulhun wa'adi, mako biyu a ganina ya isa, kina kuma haɗa takardunki tun ranar farko.

Ki san haƙƙinki kafin a ruɗe ki da "ɗa na ubansa ne". Nasaba da ciyarwa da walicci na uba ne, wannan babu gardama. Riƙo kuwa, wanda malamai ke kira hadana, a mazhabar Malikiyya da kotunan shari'armu ke bi na uwa ne: namiji har ya balaga, mace har ta yi aure ta tare. Haka yake ƙarara a Risala, littafin fiƙihun Malikiyya. Idan uwa ta rasu ko ta auri wanda ba muharramin yaron ba, riƙon kan koma wa mahaifiyarta, sannan 'yar'uwarta, tun kafin a zo kan dangin uba. Don haka ko kin yi sabon aure, maganar ba ta mutu ba, sai dai mai shigar da ƙara ta zama kakar yaron ta wajenki.

Abu biyu ke kayar da mata a nan. Na farko takardar sulhu. Za a tara ki gaban manya, kina kuka, a miƙo takarda a ce sa hannu ki huta. Idan a ciki an rubuta kin bar riƙo da kanki, to a Malikiyya wadda ta sarayar da riƙo ba tare da uzuri irin rashin lafiya ba, ba ya dawo mata don ta canza ra'ayi. Kada ki sa hannu ko ki dangwala yatsa sai wani naki mai ilimi ya karanta miki. Na biyu ƙwace. Kada ki je makaranta ki sunkuci yaron, kada 'yan'uwanki maza su je gidan da faɗa. Ke mai gaskiya sai ki koma wadda ake ƙara a ofishin 'yan sanda, yaron kuma ya ga abin da ba zai manta ba. Haka nan zagin uban a Facebook: za a buga shi a takarda a miƙa wa alƙali.

Ga abin da za ki riƙe: takardar saki, takardar haihuwa ta Hukumar Ƙidaya, katin rigakafi da na asibiti, sakamakon jarrabawa da rasit na makaranta, hoton yaron na kwanan nan, da saƙonnin WhatsApp da aka yi alkawarin ranar dawo da shi. Kada ki goge ko ɗaya. Ki nemi shaidu biyu da suka san a hannunki yake kwana yake tashi. Ki rubuta ranar da aka tafi da shi, da wanda ya zo ɗauka.

'Yan sanda galibi za su ce maganar gida ce, domin babu hukuncin da aka karya tukuna. Kotu ce wurin zuwa, yawanci ta yankin da wanda ke riƙe da yaron yake. Ki roƙi abu huɗu a tare: a kawo yaron gaban alƙali, a hana fitar da shi daga garin kafin hukunci, a tabbatar miki da riƙo, a yanka kuɗin ciyarwa. Ki bi sammaci da ƙafarki, ki tabbata masinjan kotu ya kai, don shari'u da yawa a nan suke kwanciya. Wadda aka ɗaura wa auren rajista, tata ƙarar Babbar Kotun Jiha za ta, ƙarƙashin dokar aure ta 1970, inda ake sa maslahar yaro gaba da komai. Idan babu kuɗin lauya, akwai ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA da sashen walwala na ma'aikatar mata.

Ranar hukunci ki nemi kwafi mai hatimi, ki koma wa rajistara a rubuta zartarwa. Masinjan kotu da ɗan sanda ne za su je karɓo yaron, ba ke kaɗai ba.

Idan kina jin ƙishin-ƙishin za a ƙetare da shi, ta Jibiya zuwa Maraɗi ko ta jirgi zuwa Saudiyya, to kwana ɗaya ma yana da tsada. Yarjejeniyar Hague ta 1980, wadda ke sa ƙasashe irin Ingila da Faransa mayar da yaron da aka ƙetare da shi idan bai kai shekara 16 ba, Nijeriya da Nijar da Saudiyya duk ba sa cikinta. Hukuncin alƙalin Katsina ba ya aiki da kansa a Maraɗi, sai kin ɗauki lauya a can kin buɗe sabuwar shari'a. Saboda haka ki adana fasfon yaron a wurinki, ki roƙi kotu umarnin hana fita da shi, ki kai kwafin umarnin ofishin shige da fice a ranar da aka ba ki.