Masara a Ramin Dutse

Ƙarfe tara na dare na isa tashar My Dinh a Hanoi, daga ni sai jakar goyo da ledar dafaffen ƙwai. Zan sa ƙafa a mota ke nan yaron mota ya tare ni, ya nuna takalmina, ya miƙo min leda. Ashe motocin dare na Biyetnam ba a shiga da takalmi. Ciki kuwa ba kujeru, gadaje ne hawa biyu da aka auna da tsayin 'yan ƙasar. Ni da Allah ya yi wa tsawo, a naɗe na kwana kamar tabarma. Kilomita wajen 300 ne zuwa garin Ha Giang, kuɗin mota kusan dong 300,000, wato wajen dala 12. Kafin asuba mun isa.

Yawancin baƙi a nan suke hayar babur su zaga duwatsu cikin kwana uku ko huɗu. Ni ban iya babur ɗin da zan kai kaina bakin rami ba, aljihuna kuma bai kai na ɗaukar direba ba. Na karɓi takardar izinin da ake ba baƙi saboda yankin yana kan iyakar Sin, na nemi ƙaramar bas mai zuwa Dong Van.

Duk wanda ya taɓa shiga motar kasuwar ƙauye ya san irinta. Buhunan taki a ƙarƙashin ƙafa, kwalayen taliya a kan cinya, kaji a keji, a rufi kuma wani alade a kwando yana ta tsala ihu. Babu tasha, inda aka ɗaga hannu nan ne tasha. Yaron mota shi ne ɗan aike, shi ne gidan waya: ya dire kwali a ƙofar wani gida, ya karɓi kuɗi ta taga, mota ba ta gama tsayawa ba. Da muka fara hawan Quan Ba, wurin da suke kira Ƙofar Sama, sai ya bi mu yana raba ƙananan ledoji. Na karɓa ina mamaki. Kwana-kwanar hanyar ta fahimtar da ni amfaninsu.

Kusa da ni wata tsohuwa ce 'yar ƙabilar Hmong, da siket mai ninki da kwandon goyo. Ta daɗe tana kallona, can ta kama hannuna ta murza fatar da yatsa, ta duba yatsan, ta fashe da dariya. Na ce, "Iya, ba ya fita." Ba ta ji ba, amma ta ciro dafaffiyar masara ta karya min rabi.

Bayan garin Yen Minh itatuwa suka ja baya, ƙasa ta ƙare. Dutse ne baƙi-baƙi mai kaifi, tsauni bayan tsauni har iyakar gani. Wannan ne tudun Dong Van da UNESCO ta sa cikin wuraren duwatsu na duniya a 2010. Amma ni ba dutsen ya riƙe ni ba. A gidan noma na tashi, na san abin da ake kira gona, kuma abin da na gani a nan bai kamata ya amsa sunan ba. A kowane ɗan rami tsakanin duwatsu akwai masara, tushe ɗaya, tushe biyu, kore shar. Ƙasar ma a kwando ake goyo ta daga kwari, a zuba a ramin, a tokare da ƙananan duwatsu kada ruwa ya wanke ta, sannan a jefa iri. Na ga mata can sama inda akuya ma sai ta yi shawara, a duƙe suna ciyawa. Mai babur yakan wuce wannan da gudu. Motarmu kuwa ta tsaya sauke taki kusan rabin awa, na zauna ina ƙirga tushen masara a jikin dutse ɗaya, na kai arba'in na bari.

Kilomita 150 suka ci mana yini. A Dong Van na sami gado mai araha a ɗakin mutum shida. Abinci ne matsala. Naman alade yana cikin kusan komai, har romon miya, masallacin ƙarshe da na gani kuwa shi ne Al-Noor a Hanoi. Na haddace kalmar "an chay", wato cin da ba nama, na rayu a kan shinkafa mai danƙo, ƙwai da ayaba. Salla kuwa ƙasaru, a gefen gado.

Ranar Lahadi da sassafe na rasa mota zuwa Meo Vac, dole na hau ɗan acaɓa. Hanyar ta bi ta Ma Pi Leng, kilomita kamar ashirin a manne da jikin tsauni, kogin Nho Que a can ƙasa kamar koren zare. Tsakanin 1959 da 1965 matasa suka sare hanyar tun daga Ha Giang da guduma da ƙarfe, wasu a rataye da igiya tsawon watanni, aka raɗa mata Hanyar Farin Ciki. Ni dai salati na yi ta yi har muka sauka.

Kasuwar Meo Vac ta riga ta cika. Kara ce sosai: ana duba haƙorin sa, ana shafa ƙugu, mai saye yana tafiya kamar ya fasa, mai sayarwa yana kiran sa. A wata rumfa na hango mace tana buɗe tukunyar katako, tururi ya tashi da ƙanshin da na sani tun ina yaro. Garin masara ne aka yayyafa wa ruwa aka turara sau biyu, suna ce masa "men men". Dambu ne, ba ragi, sai dai ba zogale, ba ƙuli. Na nuna da yatsa ta cika min kwano, na zauna a kan benci tsakanin wasu dattawa biyu. Ɗayansu ya miƙo min kofin giyar masara, na dafa ƙirji na girgiza kai. Bai ji haushi ba, ya shanye abinsa, ya tura min kwanon barkono.