Kafin ka sayi bindiga mai naɗewa a Amurka

Ƙannena da kuka zo Amurka ba da jimawa ba, musamman ku da muke tare a nan Texas, na lura da zarar ɗayanku ya samu takardar zama ta dindindin, 'yan kuɗi suka fara zama a hannunsa, sai zancen bindiga ya shigo bakinsa. Wadda ta fi ɗaukar hankalinku kuwa ita ce doguwar nan mai cin harsashin fistol, wadda ake naɗewa gida biyu a jefa a jakar goyo. Tambayarku kullum ɗaya ce: "Yaya, tana cijewa?" Tawa dai ta cije mini, ba sau ɗaya ba. Amma da na bi diddigi, akasarin cijewar daga hannuna ta fito, don haka ba zan faɗi sunan kamfanin da ya ƙera ta ba, kada in ɗora masa laifin da ba nasa ba.

Guda biyu ne za ku fi gani a shago. Akwai SUB-2000 ta kamfanin Kel-Tec da ke Cocoa a jihar Florida, wadda ta fito tun 2001, aka sabunta ta a 2015, aka sake sabunta ta a 2024. Akwai kuma M&P FPC ta Smith & Wesson da ta fito a 2023. Ta farkon bututunta sama yake kifewa ya kwanta a bayanta, shi ya sa a tsofaffin samfuranta in ka ɗora madubin saiti ba za ta naɗu ba, sai a na 2024 aka gyara wannan. Ta biyun a gefe take naɗewa, madubin yana nan zaune. Dukansu in an naɗe ba su wuce inci 16 da 'yan kai ba, wato kamar santimita 41, kuma ba haka kawai aka zaɓi wannan tsawon ba. Dokar tarayya ta 1934, kamar yadda aka gyara ta daga baya, ita ta sa duk bindigar kafaɗa irin wannan da bututunta bai kai inci 16 ba ta shiga wani rukuni mai rajista ta musamman. Sai masu ƙira suka tsaya daidai bakin iyaka, suka sa gaɓar naɗewa a gindin bututun.

Abin da ya kamata in fara fahimta, wanda sai daga baya na zauna na koya, shi ne yadda cikinta ke aiki. Babu abin da ke kulle sakatarta, wato dunƙulen ƙarfen nan da ke kai-komo yana tura harsashi yana fitar da kwanso. Nauyin ƙarfen da ƙarfin sifirin ne kaɗai ke riƙe kwanson har harsashi ya fita. Kusan duk halinta daga nan ya samo asali. Hayaƙin albarushi yana dawowa ciki da yawa, don haka tana saurin yin dauɗa. Harsashi mai rauni ba ya iya tura sakatar har ƙarshe, sai kwanso ya maƙale a ƙofa. Kuma tana dukan kunci fiye da yadda ake zato daga ɗan harsashin milimita 9, saboda ƙarfe mai nauyi ne ke gudu a dab da fuskarka. Bahago ya gwada kafin ya biya kuɗi, don hayaƙin ta gaban hancinsa zai riƙa fita. Masu gemu kuma, a wasu samfuran maƙatar da ake ja a ɗana tana kai-komo tare da sakatar a ƙarƙashin haɓa. Na ga wanda ya bar 'yan gasu a wurin.

Cijewar farko daga gidan harsashi ta zo. Abin da ke sayar da waɗannan bindigogi shi ne suna amfani da gidan harsashin fistol: SUB-2000 akwai mai cin na Glock, FPC tana cin na M&P. Ni kuwa da na ga farashin na asali sai na koma intanet na kwaso dogaye marasa suna a rabin kuɗi. Araha ba ta ado. Leɓensu bai riƙe harsashi daidai, sifirinsu ya yi laushi, sai sakata ta zo ta tarar harsashin bai gama tasowa ba. Na daɗe ina zagin bindiga, har wani dattijo da ke kula da filin harbi ya ara mini nasa na asali, ta zuba harsasan duka ko tari ba ta yi ba. Tun daga nan kowane gidan harsashi nawa yana da lamba da na rubuta a gindinsa. In ta cije, na san wanne ne a ciki. In lamba ɗaya ta maimaita, ya fita daga jaka. Yawancin masu cewa "tawa ba ta da kirki" ba su taɓa yin wannan ba.

Harsashi ma haka. Na milimita 9 ana samunsa a nauyi uku da aka fi sani, 115 da 124 da 147 a ma'aunin nauyin harsashi da ake kira grain, kuma akwai mai dunƙulallen kai na atisaye, akwai mai rami a kai da ake saya don kare gida. Ni da mai araha nake atisaye, sannan na cika gida ɗaya da mai ramin na ajiye ban taɓa harba ko ɗaya ba, don ina jin zafin kuɗinsa. Ranar da na ce bari in gwada, bakinsa mai faɗi ya riƙa tokarewa a hanyar shiga bututu. Wani samfurin daban kuma ya wuce sumul. Wato duk tsawon lokacin nan abin da na dogara da shi ba zai yi aiki ba. Harsashin da za ka ajiye, shi za ka harba a bindigarka da gidan harsashinka, kwali bayan kwali, ko da aljihu zai koka. Ka kuma karanta ɗan littafin da ke cikin kwalinta kafin ka sayi mai kwanson da ba na tagulla ba.

Amma inda na fi so ku tsaya shi ne maganar jaka, don nan ne naɗewar take yaudara. Doguwar bindiga tana tsaye a akwatin ƙarfe, kullum ka buɗe ka gan ta. Wannan kuwa ƙanƙantarta ce ke sa ka naɗe, ka zuge zif, ka manta. In an naɗe ta, gindin bututu da fuskar sakata a buɗe suke, duk zare da ƙura da yashin da ke cikin jaka nan suke taruwa, su haɗu da mai su zama laka. Ga ɗanshin Houston da ke sa ƙarfe tsatsa ko a ɗaki. Ta zama kamar janareton da ba a tayar da shi sai ranar biki, sannan a yi ta jan igiya ana zufa. Tawa da na ciro bayan dogon zama, sakatar tafiya take da ƙyar, ga ɗigon tsatsa a cikin bututu. Yanzu duk lokacin da zan miƙe ta sai na leƙa bututun, na goge fuskar sakata, na saurari ƙarar makullin gaɓar, sannan na girgiza ta in tabbatar ta kama. Mai kuma kaɗan ake sawa a inda ƙarfe ke gogar ƙarfe. Da can malala shi nake yi, ina ganin gata nake mata.

Akwai abubuwan da sabon shiga ke ɗauka lalacewa ce alhali ba ita ba ce. In ka ja maƙata, sake ta ta tafi da ƙarfinta, kada ka raka ta a hankali, don sai ta tsaya ba ta gama rufewa ba. SUB-2000 kuma sakatarta ba ta tsayawa a buɗe in harsashi ya ƙare, sai dai ka ja kunama ka ji ƙyas. Haka aka yi ta.

Kayan ƙawa ba zan daɗe a kansu ba. Na canza sifirin kunama, na ƙara wannan na ƙara wancan a rana ɗaya, da ta fara ƙin tashi ban san wanne zan zarga ba. Bar ta yadda ta fito sai kun saba. Ka riƙa duba notinanta, suna kwancewa da girgiza, amma jikin roba ne, in ka matse da ƙarfin tsiya za ka cinye zaren.

Kada wannan ya sa ku ɗauka kamfani ba ya kuskure. Kel-Tec da kansa ya yi kira a dawo da wasu SUB-2000 da aka ƙera a 2017, saboda ƙarfen bututunsu bai samu gashin wuta yadda ya kamata ba kuma yana iya fashewa. Duk wanda zai sayi ta hannu ya duba lambarta a shafin kamfanin. In kuma sabuwa ce ta ci gaba da cijewa da gidan harsashi na asali da harsashi mai kyau, kada ka ɗauko abin goge ƙarfe don ka ga wani ya yi a YouTube. Mayar musu da abarsu su gyara. Labaran da kuke karantawa na "tawa ba ta taɓa cijewa ba" da na "tawa shara ce" duk suna iya zama gaskiya, sai dai ba ka san me suka zuba mata ba. Abu ɗaya da ba a wasa da shi: in ka harba ka ji ƙarar ta yi sanyi ba kamar kullum ba, cire yatsa, cire gidan harsashi, duba bututu. Wataƙila harsashi ya tsaya a ciki, na biyu in ya same shi fuskarka ce a wurin.

Sai doka, wadda ta fi kowace cijewa tsada. Mai takardar zama ta dindindin yana iya saya bayan ya cika fom mai lamba 4473 an binciki sunansa, amma mai bizar karatu ko ta ziyara, in ban da 'yan togaciya, haramun ne a gare shi. Abin da ya halatta a Texas yana iya kai ka kurkuku a New York ko New Jersey, inda gidan harsashin da ke ɗaukar harsasai fiye da 10 laifi ne, don haka masu zuwa Bronx ziyarar 'yan'uwa ku bar ta a gida. Direbobin manyan motoci ku fara karanta ƙa'idar kamfaninku. Wanda kuma yake tunanin ƙanƙantarta za ta sa ya sako ta a kaya zuwa Najeriya, ya sani dokar makamai ta 1959 ta sa fistol da bindigogin soja masu harsashin milimita 9 a jerin waɗanda sai da lasisin shugaban ƙasa, ga kuma hukuncin fitar da makami daga Amurka ba izini. A gida ma jaka ba ma'aji ba ce. Yaro yana ganin jakar goyo zai zuge ta, don haka akwatin ƙarfe mai makulli yana cikin kuɗin bindigar tun ranar da za ka saya, harsasai kuma a kulle su a wani wuri daban.