Sukuru mai yin tiredinsa: yau dai fallen 1.5 ya riƙe

Assalamu alaikum 'yan uwa. Yau Allah ya yi, akwatin kwanturolar sola ya haɗu tsaf, babu noti ko ɗaya a bayansa, kuma duk sukurun da na ɗaure ya tsaya cak, bai zarce yana juyawa a banza ba. Na kwance murfin na mayar, na sake kwancewa na sake mayarwa, tiredin, wato haƙoran da sukurun ya yi wa kansa a cikin hujin, yana nan daram. Wanda bai sha wahalar fallen ƙarfe mai kaurin milimita 1.5 ba, zai ɗauka ƙaramin abu ne, amma ni daɗin da nake ji ba ya misaltuwa.

Ga dalilin da ya raba ni da bolti da noti a wannan aikin. Da zarar an kafa akwatin a bango, hannu ba ya kaiwa baya, ka kwance sukuru sai noti ya faɗa cikin wayoyi. Walda noti a bayan falle kuwa tana ƙona fenti tana lanƙwasa wurin. Taf, wato ƙarfen da ake yanka tiredi da shi, na M4 (sukuru mai kaurin milimita 4) ya karye mini a cikin huji har na gaji da saye, ga garin ƙarfen da yake zubarwa, wanda ba na ƙaunar ganinsa kusa da allon lantarki. Shi ya sa na koma ga sukurun nan na DIN 7500, ma'aunin Jamus, irin wanda ake kira Taptite a sunan kasuwa. Idan kun taɓa warware tsohuwar UPS, na'urar da take ba kwamfuta wuta idan an ɗauke, ko akwatin wutar kwamfuta, da wuya ba ku riƙe irinsa ba. Ku dubi bakinsa da kyau, ba zagaye yake sosai ba, kusurwa uku gare shi masu santsi, kuma idan ka mirgina shi tsakanin yatsu za ka ji yana ɗan tsalle. Ba ya yanka ƙarfe. Ture shi yake yi, ƙarfen ya kauce ya cika tsakanin haƙoransa, kamar ka danna yatsa a malmalar tuwo, ba ka ɗebe komai ba amma gefe ya taso.

Wannan turewar ita ce tushen duk rigimar huji. Mai shagon da ya sayar mini da kwalin ya ce in huda daidai yadda nake huda wa taf, wato 3.3 ga M4. A kan "flat ba", wato sandar ƙarfe mai faɗi, mai kaurin milimita 3 da nake ɗora bireka a kai, sukurun ya shiga zagaye biyu ya cije, na ƙara ƙarfi, kai ya fita ya bar gangar jiki a ciki. Kuma ba irin ƙarfen da za ka huda ka fitar ba ne, domin fatarsa a ƙone take da tauri, bakin dirila zamewa kawai yake a kanta. Dole na yanke wannan wurin na jefar. Hujin 3.3 na taf ne mai yanka, wanda yake fitar da ƙarfen waje. Shi wannan da ba ya fitar da komai, sai ka bar wa ƙarfen wurin da zai koma. Lissafin da ya zauna mini shi ne ka cire rabin tazarar haƙori daga kaurin sukuru. M4 tazararsa 0.7, saboda haka hujin yana wajen 3.65. M5 mai 0.8 yana son 4.6, M6 mai 1.0 yana son 5.5, ƙaramin M3 kuwa 2.75. Idan ƙarfen ya yi kauri a ɗan buɗa, idan siriri ne a ɗan tsuke.

To ina bakin dirila 3.65? Saitin da muke saye daga 3.5 sai 4. Da 3.5 a flat ba yana shiga, amma da kyar, har bakin sukundireba yana tsalle yana cinye kuros ɗin kan. Da 4 kuwa sukurun faɗawa yake. Na zaga Ƙofar Ruwa ina tambayar 3.6 ko 3.7, wanda na samu guda ɗaya kuɗinsa ya kusa na rabin kwalin sukurun, na saya ina jin zafi. Daga baya wani dattijo mai les, injin fere ƙarfe, ya ce, "Yaro, je ka duba cikin na inci." Ashe 9/64 na inci milimita 3.57 ne, kuma yana nan jibge a tsofaffin saiti, ba mai kula shi. A dirilar hannu, da ɗan rawar da hannu yake yi, hujin yana fitowa ya ɗan fi haka faɗi, ya sauka kusa da inda ake so. A kan flat ba 9/64 ya gama magana. Abin da na ƙara kawai shi ne shafa bakin hujin da babban baki, ɗan kaɗan, saboda ƙarfen da sukurun ya ture yana tasowa a bakin huji ya yi leɓe, kuma wannan leɓen yana hana abin da ka ɗora ya kwanta.

Wannan duk sharar fage ce. Inda na sha wuya shi ne jikin akwatin.

Falle 1.5, tazara 0.7, ku raba ku gani, haƙora biyu ne da ɗan ɗigo. Haƙora biyun nan su ne za su riƙe murfi, su riƙe farantin da kwanturola take kai, su riƙe wayar at, wato wayar da take sauke wuta zuwa ƙasa. Sukurun yana shiga lafiya, yana yin tiredi mai kyau, har ka ga yana sheƙi. Amma da kai ya taɓa falle, ka ce bari ka ɗan ƙara ɗaurewa, sai ka ji hannu ya yi sako-sako. Shi ke nan, tiredi ya tafi, ka zaro sukurun ka ga siririn zoben ƙarfe naɗe a jikinsa. Duk wanda ya taɓa jin wannan sakin a hannunsa ya san baƙin cikinsa, balle a kan falle da ka riga ka yanka, ka lanƙwasa, ka goge.

Abin da yake faruwa shi ne ƙarfin murɗawar da ake bukata don yin tiredi da ƙarfin da yake tsinka shi sun yi kusa da juna a siririn falle. A flat ba akwai fili mai yawa tsakaninsu, ka sa kulocin dirila, zoben nan mai lambobi da yake iyakance ƙarfin ɗauri, a tsakiya ka huta. A falle kuwa, ka rage kuloci lamba ɗaya sukurun ya tsaya a hanya bai gama shiga ba, ka ƙara lamba ɗaya ya wuce ya cinye. Na tsuke hujin, na koma 3.5, riƙon ya ɗan ƙaru amma shigar ma ta ƙara tauri, filin bai buɗe ba. Na koma ɗaurewa da hannu, an samu sauƙi, sai dai murfin da za a riƙa buɗewa duk lokacin duba wayoyi ba zai dogara da tausayin hannun kowa ba. Mai gyaran da zai zo bayana da dirilar batir zai zo. Na shafa kakin kyandir a bakin sukuru, shigar ta yi laushi sosai, amma santsin yana bin sa har ƙarshe, ɗaurin ya fi saurin wucewa idan ba ka rage kuloci ba. Ai masu kyau daga kamfani da ɗan kakinsu suke zuwa, shi ya sa wanke su da fetur ɓarna ce.

Na yi tunanin ninka falle a inda sukuru zai shiga, ko liƙa ɗan guntun flat ba a baya da walda. Yana yi, amma mun koma gidan jiya, zafi da lanƙwasa da ɓata lokaci. Ribitin noti, notin da ake matsewa ya maƙale a cikin huji, shi ma yana nan, sai dai injin matsa shi ba na aljihuna ba ne yanzu.

Mafitar tana jikin tsohon akwatin UPS ɗin da na ciro sukuru na farko. Fallensa bai ma kai nawa kauri ba, amma kowane huji yana da ɗan wuya a baya, ƙarfen an tura shi ya fita kamar gajeren bututu, tiredin yana cikin wannan wuyan. Ba su ƙara ƙarfe ba, wanda mu muke hudawa mu zubar shi suka tanƙwara baya. A masana'anta injin matsa ne yake yi da bugu ɗaya. Ni kuwa bais, mamatsin ƙarfe na kan tebur, gare ni da guduma.

Ga yadda na haɗa nawa. Na ɗauki gindin wani karyayyen baki 9/64, na wasa kansa a dutse ya yi tsini mai kumburi, ba mai kaifi ba, na goge shi da sanfefa mai laushi har ya yi santsi. Na samu guntun ƙarfe mai kauri na huda masa 5.5, na ɗan kashe kaifin bakin hujin, shi ne matashin da falle zai kwanta a kai. A fallen ina fara huda ƙaramin huji na milimita 2, in daidaita shi a kan hujin matashin, in ɗiga mai, in tura tsinin.

Da guduma bai yi ba. Tsinin yana karkacewa, wuyan ya fito gefe ɗaya dogo gefe ɗaya gajere, sukuru ya shiga a karkace. Da na koma matsawa a hankali da bais, wuyan ya miƙe, sai kuma wata sabuwa ta ɓullo: bakin wuyan yana tsagewa, ya buɗe gida uku ko huɗu. Wuyan da ya tsage kuwa ba ya riƙo, sukuru yana shiga yana ƙara buɗa shi. Nan na daɗe ina juyi. Na rage ƙaramin hujin zuwa 1.5 don wuyan ya yi tsawo, tsagewar ta ƙaru, domin bakin yana miƙewa fiye da ƙarfinsa. Na buɗa zuwa 2.5, ba tsagewa, amma wuyan ya gajarce, ribar haƙori ɗaya ce kawai. Na ɗora laifin a kan fallen, na gwada wani guntu daga wani fallen daban, duk kanwar ja ce.

Da na sa gilashin ƙara girma na dubi inda tsagar take farawa, sai na ga kullum daga ƙayar da bakin dirila yake bari a bayan huji take tashi. Wannan gefen mai ƙaya shi ne yake zama bakin wuya, kuma shi ne ya fi ko'ina miƙewa, kowace ƙaya ƙofar tsagewa ce. Na ɗauki baki 6 na murza da yatsu a bayan ƙaramin hujin, juyi biyu kawai, ƙayar ta fita. Na matsa. Wuyan ya fito zagaye sumul, bakinsa ko ɗigon tsaga babu. Na auna da baniya, ma'aunin kauri, falle da wuya sun kusa milimita 3, wato haƙora huɗu maimakon biyu. Na sa sukuru daga gefen da tsinin ya shiga, inda bakin ya riga ya yi lanƙwasa mai karɓar sukuru, ya shige a miƙe, ya zauna, kuloci ya yi ƙara. Na ƙara lamba, ya riƙe. Na ƙara wata, ya riƙe. Sai da na kai lambobi da yawa sama kafin na iya cinye shi da gangan. Wallahi sai da na kira maƙwabcina mai walda ya zo ya gani.

Zaro tsinin bayan matsawa yana da ɗan wuya, yana kamawa. Mai yana taimakawa, sannan in juya fallen in buga shi ya koma ta inda ya shigo. Kuma ku yi wuyan kafin lanƙwasa akwatin, domin bayan lanƙwasa bais ba ya kaiwa wasu wuraren. Biyu daga hujin gefe sai da na yi musu dabara da dogon bolti da ƙarfe biyu.

Fenti ma ya so ya kawo cikas. Yana taruwa a cikin wuya ya tsuke hujin, sukuru ya yi tauri. Yanzu ina cusa guntun tsinken ashana da ɗan tef kafin feshi. A wurin wayar at kuwa ina kankare fentin kewaye in sa wosha mai haƙora. Wannan sukurun ya dace da at ƙwarai saboda tiredin da ya yi wa kansa a manne yake da jikinsa, ƙarfe da ƙarfe, ba sako-sako. Dokar wayarin ta Amurka ma ta amince da shi a wannan aikin muddin ya kama haƙora biyu ko fiye a jikin akwati. Falle 1.5 tsirara a bakin iyaka yake, da wuyan kuwa na wuce da nisa, hankalina ya kwanta.

Wani ya ba ni irinsu na silba marasa tsatsa, masu alamar A2. A alminiyam suna shiga lafiya, a baƙin ƙarfe kuwa haƙoransu ne suke kwanciya, domin ba su fi abin da suke turewa tauri sosai ba. Kada kuma a gwada a ƙarfen zubi, shi ba ya turuwa, marmashewa yake. Idan za ku mayar da sukuru cikin tiredin da ya riga ya yi, ku fara juya shi baya da hannu har ku ji ya faɗa, sannan ku ɗaure, in ba haka ba zai buɗe sabuwar hanya a kan tsohuwa ya lalata duka biyun. Na kuma gwada M4 na gama-gari a cikin tiredin, ya shiga ba gardama, saboda haka ko an ɓatar da na asali mai gyara ba zai tsaya ba.

Saura maƙalan bango, su M5 nake so a falle 2. Na ba mai les guntun sandar bawul ɗin babur ya fere mini tsini 4.6, matashin zan huda masa 7, in fara gwaji da ƙaramin huji 2.5. Ya ce in zo ranar Asabar bayan la'asar.