Wata huɗuna a Panteka

Ranar da na fara zuwa Panteka, kasuwar masu sana'ar hannu a Kaduna, da littafin rubutu na tafi a hannu. Na gama shekarar farko ta difloma a fannin lantarki, aka tura mu SIWES, shirin nan da hukumar horar da ma'aikatan masana'antu, ITF, ta kawo a 1973 don ɗalibai su taɓa aiki da hannunsu kafin su gama karatu. Abokaina da yawa ofis suka nema. Ni kawuna ya kai ni wurin wani dattijo mai naɗin kwayil, wato wayar da ake naɗawa a cikin injin lantarki.

Da hantsi aka kawo motar lantarki mai juya injin markaɗe da ta tsaya. Ina ta tunanin ta inda zan fara gwaji, sai wani yaron shago, bai fi shekara 15 ba, ya kwance murfin, ya kai hancinsa, ya ce ta ƙone. Haka kuwa aka samu. Oga ya miƙo min ita ya ce, "Ɗana, warware wayar, ka ƙirga zagaye nawa ne a kowane rami. Kada ka yarda ɗaya ya ɓace maka." Na wuni ina ƙirga, yatsuna duk sun yi baƙi, wayar ta yanke ni wuri biyu. A aji na zana wannan naɗin sau da yawa, amma sai ranar na san nauyinsa.

Karatun ma ya yi rana. Wata rana ba a sami waya mai kaurin da ake so ba, ni na zauna na yi lissafin yadda za a haɗa sirara biyu su ɗauki wuta daidai. Oga ya duba takardar, ya ce a yi hakan.

Abin da ke damuna shi ne yaron nan. Ya fi ni iya aikin nesa ba kusa ba, amma ba shi da takardar da zai nuna wa kamfani. Hukumar kula da ilimin fasaha, NBTE, ta fara ba masu sana'ar hannu shaidar ƙwarewa, kuma ina fatan abin ya kai ga irinsa.

Bana ƙanina ya gama sakandare, yana jiran gurbin jami'a. Na ce wa Inna kada ya yi jiran a gida. Ranar Asabar da safe zan kai shi wurin Oga.