Bayan gashi, ba a yanke hukunci da lambar PSA guda ɗaya

Abin da ya fi tayar wa magidanta hankali bayan an gama yi musu gashin kansar furostet, wato ƙullin nan na maza da ke ƙarƙashin mafitsara, da na'urar haske mai ƙone ƙwayoyin kansa, shi ne sakamakon gwajin jinin nan na PSA. Tun da baffana ya dawo Kano daga gashi a Shika, takardar gwajin ba ta barin aljihun rigarsa, har ta fara yagewa a wurin ninki, kuma duk wanda ya zo gaishe shi sai ya nuna masa ita.

PSA sinadari ne da furostet ke fitarwa, mai lafiya da mai ciwo duka. Wanda aka cire masa furostet ta hanyar tiyata, lambarsa takan faɗi ƙasa warwas cikin makonni. Wanda aka yi wa gashi kuwa, abin yana nan a jikinsa, saboda haka lambar takan sauka ne sannu a hankali, wani lokaci sai an shekara biyu ko fiye kafin ta kai iyakar saukarta, kuma ba lallai ne ta kai sifili ba.

Wurin da na fi so 'yan uwa su fahimta shi ne, lambar tana iya ɗan tashi a shekara ta farko ko ta biyu, sannan ta koma ƙasa da kanta ba tare da ciwon ya dawo ba. Ciwon fitsari ko sanya robar fitsari na iya ɗaga ta, haka kuma daina allurar da ke danne sinadarin mazakuta. Ma'aunin da masana suka amince da shi a birnin Phoenix na Amurka a 2005 shi ne, ana zargin dawowar ciwon ne idan lambar ta haura mafi ƙanƙantar da ta taɓa kaiwa da maki 2. Wanda tasa ta tsaya a 0.5, sai ta kai 2.5 ake shiga wannan magana, ko da yake likita yana duba saurin ninkuwarta tun kafin nan.

Ranar da ta baffa ta motsa kaɗan, ko abinci bai iya ci ba. Na ce masa, “Baffa, ku yi haƙuri mu kai wa likita ya haɗa ta da na baya.” Tun daga nan muke rubuta kowane sakamako da kwanan watansa a littafi guda, muna kuma yin gwajin a ɗakin gwaji ɗaya, domin na'urori sukan ɗan bambanta.

Wanda ya fi ba ni tsoro shi ne mutumin da ya ji sauƙi ya daina zuwa asibiti, alhali ana so a riƙa gwajin duk wata uku zuwa shida a farkon shekarun, kuma PSA takan nuna dawowar ciwon tun kafin jiki ya ji komai.